Farantin Yashin Mai Shida

Ranar da aka gano an sace injin motar Mai Shida, motar na nan tsaye a rumfarta, kuma in ka murza makulli tashi take yi. Abin da ya rikita unguwa ke nan. An saba ɓarawo ya ɗauki abu ya bar wurin wayam, wannan kuwa ya ɗauki inji ya bar inji.

Mai Shida ya rasu watannin baya. Sunan daga bakinsa ya samo shi, don ba ka gama gaisawa da shi ba tare da ka ji cewa motarsa silinda shida gare ta ba. Irin motocin iyalin nan ce masu ɗan tudu, ba ta kai jif ba, ta kuma fi ƙaramar mota. Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Yaya Babba, shi ya kai ta wurin wani bakanike kusa da wurin aikinsa don a canza baƙin mai. Mutumin ya ɗaga murfin robar da ke saman injin, ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Ranka ya daɗe, wa ya ce maka shida ne? Huɗu ne. Murfin kawai ne na shida, yanke shi aka yi aka ɗaura."

Kafin la'asar an isa garejin Bahago, bakaniken da shekara da shekaru shi kaɗai ke taɓa motar. A bayan rumfarsa, ƙarƙashin tamfol, aka tarar da injin. Aka tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce ba shi da abin cewa. To, me ya rage? Mutane suka fara zuwa suna janye motocinsu, har da wadda aka riga aka kwance wa tayoyi. Shugaban kanikawa ya ce ranar taronsu za a kori Bahago daga filin da suke aiki, Yaya Babba kuma ya ce daga nan sai wurin 'yan sanda.

Matar Bahago ce ta je ta sami Baba Mai Sawu. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin sawun masu farautar sata, da ya ajiye aiki ya dawo gari ya koma bin sawun tumaki da janaretocin da suka yi ƙafa. Bai iya tuƙi ba. Keke ma sai an riƙe masa.

"'Yata, ni fa ban san inji ba," ya ce.

"Ba injin na kawo maka ba, Baba. Mijina na kawo. Ya daina cin abinci, ya daina magana. Ɓarawo ai rantsuwa yake yi har ya gaji, shi ko rantsuwar ya ƙi yi."

Wannan maganar ce ta sa tsohon ya jawo takalmansa.

*

Garejin ya yi shiru, abin tausayi. Bahago na zaune a kan tsohuwar taya yana goge sifana wadda ba ta da datti.

"Kai ka cire injin?" Baba Mai Sawu ya tambaye shi.

"Ni ne."

"Wa ya sa ka?"

"Baba, ka yi haƙuri."

Bai matsa masa ba. Ya zagaya baya ya yaye tamfol ɗin. Shi ƙarfe duk ƙarfe ne a wurinsa, saboda haka ƙasa ya duba. Katakon da aka ɗora injin a kai ya nutse, gara ta ci gefensa ta ƙoshi ta tafi. A jikin bangon da tamfol ya rufe akwai gidajen zanzaro, wasu sababbi, wasu sun fashe tun tuni an sake gini a kansu. Injin kansa kuwa a shafe yake da mai, an toshe kowace kafa da tsumma. Ya tsaya yana jujjuya abin a ransa. Ya bi ɓarayi da yawa a rayuwarsa, bai taɓa ganin wanda ya ajiye kayan sata yana yi masa hidima ba.

Zai juya ke nan idonsa ya faɗa kan wata 'yar hanya da ta bi ta bayan garejin. Sawun takalmin mace ne, mai faɗin ƙasa, dunduniyar dama ta cinye ta waje. Sawun ya zo har kusa da kusurwar rumfa, ya tsaya, ƙafafun sun yi ta sauya wuri, sannan ya juya. Ba zuwa ɗaya ba ne. Akwai na yau, akwai wanda iska ta fara shafewa, akwai wanda tayar babur ta bi ta kai. Ko sau ɗaya mai takalmin ba ta ƙarasa ba.

*

Daga nan ya nufi shagon Uwar Ƙarafa, matar da ke sayar da kayan gyaran mota a bakin filin, wadda kanikawa ke tsoron bakinta fiye da na shugabansu.

"Yau mai bin tumaki ne a shagona? Tunkiyar taka fulogi take so?"

"Karatu na zo ɗauka. Motar Mai Shida, injinta nawa ne a duniya?"

Ta gyara zama, don an taɓo inda take so. "Kamfaninta ya daɗe yana buga ta. Jiki kusan ɗaya ne, abin cikin ne ba ɗaya ba. Na farkon fitowa shida ne, ƙarfi kamar me, amma yana shan mai kamar an zuba a rariya. Da mutane suka fara kuka sai aka fito da mai huɗu, lafiyayye, ba ya gudu, ba ya ba ka wahala. An yi mai dizal, bai karɓu ba, ƙara gare shi kamar injin niƙa. Can gaba suka yi huɗu mai tobo, wato abin ƙara wa inji ƙarfi, shi in ka taka yana neman kamo shida. Suka rufe da mai haɗin batir, wanda zai zo bayanka ba ka ji ba."

"Wanne aka sa wa ta Mai Shida?"

"Huɗu marar tobo, aka ce. Mafi sanyin hali a cikinsu."

"Mutum zai iya canzawa cikin gaggawa, a ɓoye?"

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Ka ɗauka batirin tocila ne? Sai an canza giyabos, an canza wayoyi, an canza ƙwaƙwalwar motar, har ƙafafun da injin ke zama a kai. Aikin makonni ne. Wanda ya yi wannan wahala ya nema wa kansa, ba riba ba."

"Mai motar fa, zai gane?"

"Wanda ya shekara yana tuƙa shida, ko kurma ne ƙafarsa za ta gaya masa." Sai ta daina dariyar. "Shi ya sa kowa ya ce bayan rasuwar aka yi. Ni dai Bahago a gabana ya girma, abin ya ƙi zama mini."

*

A gidan marigayin, maigadi ya tare shi da labari tun kafin ya zauna. Ya nuna masa wani dogon layi a ƙasan tsakar gida, daga rumfar mota har ƙofa, ya ce lalle nan aka ja injin. Baba Mai Sawu ya bi layin, ya ga sawun ƙafafu huɗu ne na roba, ɗaya ta karye.

"Kun fitar da firji kwanan nan?"

Maigadi ya sosa ƙeya. "Af. An kai shi gyara."

Ya rage murya ya ƙara da cewa, in ana neman mara gaskiya a duba Auta, ƙanin Yaya Babba. Tun rasuwar ba ya shiga motar, ko ta gabanta ba ya bi, kuma in ana maganarta sai ya tashi. Baba Mai Sawu ya sa aka kira shi. Saurayi ne dogo, ga ilimi ga kunya, amma idonsa ya ƙi zama wuri ɗaya.

"Ka san wani abu game da injin nan?"

"Wallahi ban sani ba, Baba."

"Game da motar fa?"

Auta ya kawar da kai. Tsohon ya ga akwai abin da yake ɓoyewa, amma bai yi masa kama da inji ba. Ya ƙyale shi.

Yaya Babba ne ya fito da kansa, ransa a ɓace. "Baba, ina ganin girmanka, amma ban ga abin bincike ba. An kama mutum da kaya a hannu."

"Haka ne. Sai dai na ga zafin naka ya fi na wanda aka ɗauke wa ƙarfe."

Mutumin ya dafa bonet ɗin motar. Da ya sake magana muryarsa ta sauya. "Ranar da ciwon ya buge Abba, ni na tuƙa shi zuwa asibiti. Na taka motar nan har ƙasa, ta ƙi ja. A hawan gada kamar ana riƙe ta ta baya. Muna isa likita ya ce ya riga ya cika. Watanni ina cewa ni ne ban iya tuƙi ba. Yanzu na san an yi wa Abba sata tun yana kwance ba lafiya, motar na garejin mutumin da ya yarda da shi. Da injinsa ne a ciki, da mun isa."

Nan Baba Mai Sawu ya gane nauyin abin. Ba a kan ƙarfe za a kori Bahago ba, a kan ran mutum ne. Ya kuma lura cewa tunda motar ta ƙi ja a ranar, to maganar unguwa ta bayan rasuwa ta faɗi.

Ya roƙi a tura motar waje. Da aka tura, ya durƙusa a kan simintin rumfar, gwiwoyinsa na ƙara. Akwai wani tsohon farantin ƙarfe cike da yashi, baƙi ƙirin da ɗigon mai. Ya ɗaga shi. Ƙarƙashinsa tsatsa ta zana zobe a simintin, mai kauri, ya ci ciki sosai. Kamu biyu daga nan, wajen hagu, ga wani zoben irinsa, amma ya koɗe, ƙura ta cike shi, baƙin man da ke tsakiyarsa ya bushe ya zama kamar fenti.

"Wa ke ajiye farantin nan?" ya tambayi maigadi.

"Marigayi. Shi kaɗai. Kullum in ya dawo sai ya shimfiɗa kwali ya durƙusa ya tura shi da hannunsa. Na taɓa cewa ya bari in yi, ya kusa cinye ni."

A jikin bango akwai ƙaramin kabad na marigayin. Ciki tsummoki ne da galan da wata sabuwar filtar mai a kwalinta. Tsohon ya nemi izini ya sa ta a aljihu.

Yana fita ya bi ta ƙofar kicin don ya gaida Umma, matar marigayin. Ta amsa daga ciki, murya ƙasa-ƙasa, ba ta fito ba. Takalmanta na bakin ƙofa, masu faɗin ƙasa. Bai taɓa su ba, kallo ɗaya ya yi wa dunduniyar dama, ya ga ta cinye ta waje, ya wuce.

*

Uwar Ƙarafa ta juya filtar a hannunta. "Wannan ta mai huɗu ce. A shagona aka saye ta, ga alamar alƙalamina."

"Wa ya saya?"

"Mai Shida. Da kansa yake zuwa, ya daɗe yana sayen irinta. Na taɓa tsokanarsa na ce yaushe shida ya koma cin abincin huɗu, ya ce ta wani abokinsa ce." Ta ajiye filtar a hankali. "Kai, ni ma dai. Ban taɓa tambayar wane aboki ba."

Baba Mai Sawu ya taka zuwa gida a hankali, zuciyarsa ba daɗi. Ya san wadda ta sa aka yi aikin, ya kuma san abin da ya hana ta magana. Wace uwa ce za ta tsaya gaban ɗanta ta ce ni ce na rage wa motar ƙarfi, bayan ta ji abin da yake faɗa? In ya ambaci sunanta ya fasa gida. In ya yi shiru an kashe wa Bahago sana'a. Ya yanke shawarar zai faɗi abin da ƙasa ta nuna masa, ya tsaya nan.

*

Washegari da yamma ya tara su a rumfar motar: Yaya Babba da Auta, maigadi, shugaban kanikawa, Uwar Ƙarafa, da Bahago da matarsa can gefe. Umma ta zauna a kujera bakin ƙofar kicin, inda za ta ji komai.

Ya nuna musu zobban biyu. "Babban inji a nan yake ɗiga. Ƙaramin a nan. Ku dubi zurfin tsatsar nan ta biyu. Wannan ba aikin watanni ba ne, damina da damina ta ci. Injin nan ya shekara a motar nan, ba ɗaya ba, ba biyu ba, mai ita na da ransa da lafiyarsa."

"To an daɗe ana cutarsa ke nan," in ji Yaya Babba.

"Wa ya matsar da farantin?"

Maigadi ya dubi ƙasa.

"Mahaifinka ne," in ji Baba Mai Sawu. "Kullum yana durƙusawa a nan, kansa na ƙarƙashin motar. Ya ga ɗigon ya sauya wuri, ya bi shi da faranti." Ya ciro filtar ya miƙa masa. "Wannan ta ƙaramin inji ce. Da ƙafarsa yake zuwa saye. Ba a yi wa mahaifinka sata ba, ɗana. Ya san abin da ke cikin motarsa, ya kuma zaɓi ya yi shiru. Iyakar abin da na gani ke nan."

Yaya Babba ya tsaya riƙe da filtar. "Abba? Mutumin da har ya rasu yana cewa shida? Don me zai canza?"

Tsohon ya mayar da idonsa kan farantin. Ƙofa a buɗe take, Umma na iya barin maganar ta mutu a kan marigayi, ba mai sake tambaya. Sai ya ji ƙarar kujera.

"Ba shi ya canza ba. Ni na sa."

Umma ta taso ta zo har bakin rumfar. "Idonsa ya fara rauni, gudu kuma bai rage ba. Ran nan muna dawowa da jikoki a baya, ya tashi wuce babbar mota, da ƙyar muka sha. Na roƙe shi ya ajiye makulli, ya ce sai dai in ya mutu. Da aka kwantar da shi aikin ido, na je na sami Bahago. Ya ƙi, na yi ta kuka har ya yarda. Na sa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba." Ta juya wajen bakaniken. "Kullum sai na zo bayan garejinka in ce yau zan sake ka daga rantsuwar, sai in tuna maganar Babba, ƙafata ta ƙi. Na zalunce ka, ka yafe mini."

Sannan ta dubi zoben tsatsar, hawaye na zuba. "Shekaru ina jin kunyar mutumin nan, ina ganin na yaudare shi. Ashe ya sani. Ya bar ni ina tsammanin na yi wayo."

Yaya Babba bai dube ta ba. Fuskarsa ta ɗaure, kowa ya san abin da ke ransa, gadar nan ce da motar da ta ƙi ja. Baba Mai Sawu ya ji tsoron abin da zai fito daga bakinsa, kuma ba shi da wani sawu da zai nuna a kan wannan.

Auta ne ya yi magana. "Yaya, ni ke riƙe da kan Abba a baya. Kafin mu fita layinmu ya cika. Na ji lokacin da hannunsa ya saki nawa. Kana ta cewa Abba ka daure, mun kusa, na kasa gaya maka. Bayan nan ma na kasa." Ya ɗago ya dubi yayansa. "Ko jirgi ka tuƙa ba za mu isa ba."

Yaya Babba ya zauna a kan kwalin da mahaifinsa ke durƙusawa, ya rufe fuska da hannu biyu, ya daɗe a haka. Umma ta matso ta dafa kansa, bai janye ba.

Shugaban kanikawa ya yi gyaran murya ya ce shi dai maganar kora ta mutu, kuma wanda ya janye motarsa ya san hanyar da zai mayar da ita. Uwar Ƙarafa ta ce gara ya fara da tasa, don ta ga lokacin da ya janye ta.

Can Yaya Babba ya miƙe, ya ciro makullin motar daga aljihu, ya taka har inda Bahago yake. "Na kira ka ɓarawo a gaban mutane. A gabansu zan dawo in janye. Ka yi mini afuwa." Ya miƙa masa makullin. "Har yanzu tana ɗiga. Ka duba mana ita."

Bahago ya karɓa da hannu biyu. Ya dubi farantin, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi magana mafi tsawo da aka ji daga bakinsa tun farkon rigimar.

"Ɗigon nan ba wani aiki ba ne, roba ɗaya ce. Ba sau ɗaya ba na ce masa ya bari in toshe, sai ya ce bar shi, faranti ya isa. Ina ta mamaki, mutum mai tsafta irinsa." Ya goge ido da bayan hannunsa na hagu. "In zan gyara, ai sai mun shiga ƙarƙashinta tare na nuna masa, maganar injin ta fito fili. Ba ya so in ji kunya ne."

Baba Mai Sawu ya durƙusa, gwiwoyin na ƙara, ya mayar da farantin daidai kan zobensa na biyu. Sannan ya ce a turo motar.